Ƙona Shara: Wutar da ke Tsabtace Gari da Wutar da ke Cutar da Shi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau za mu tattauna a kan wani abu da kowa ke gani kullum, amma ba kowa ke tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Wannan abu shi ne hayaƙin da ke tashi daga juji idan rana ta yi sanyi.

Garin Dakoro yana wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi. Nan ne mahaɗar mai gona da mai garke. Bisa ƙidayar shekarar 2012, mutanen gundumar sun haura 600,000. Inda jama'a ta yawaita, shara ma sai ta yawaita. Kuma sharar yau ta bambanta da ta kakanninmu. Su, abin da suke zubarwa bai wuce toka, ƙaiƙayi, kashin dabbobi, sakaina da tsumma ba. Duk waɗannan ƙasa tana cinye su, ta mayar da su taki. Mu kuwa, jujinmu cike yake da leda, roba, gwangwani, batir, tsohuwar taya da baƙin man mashin. Ƙasa ba ta cin waɗannan. Saboda haka sai mu kira wuta ta raba mu da su.

To, amma wuta iri biyu ce. Akwai wadda ke cinye shara ƙurmus, ta kashe cutar da ke ciki. Akwai kuma wadda ke mayar da shara guba, ta watsa ta cikin iska. Bari mu ga bambancinsu.

Me ke cikin hayaƙin juji?

Wutar juji wuta ce mai sanyi. Ba ta ci bal-bal. Turnuƙewa take yi a ƙarƙashin tsibin shara, wani lokaci har kwana biyu ko uku. Iska ba ta shiga cikin tsibin sosai, kuma akwai jiƙaƙƙun abubuwa a ciki. Saboda haka sharar ba ta ƙonewa duka. Rabi ya zama toka, rabi ya tashi sama.

Baƙin hayaƙin nan da muke gani, abin da wuta ta kasa cinyewa ne. Ƙananan ƙwayoyi ne masu shiga can cikin huhu. Su ke sa tari, da hawaye, da tashin fuka ga mai ita. Yara ƙanana, tsofaffi da mata masu ciki su suka fi jin jiki.

Akwai kuma gubar da ido ba ya gani. Masana suna kiran ta dayoksin. Tana samuwa ne idan aka ƙona abin da ke da sinadarin kulorin a wuta marar ƙarfi, musamman tsakanin digiri 200 da 450. Kulorin yana da yawa cikin wata irin roba, wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da wasu takalma da ita.

Dayoksin ba ta narkewa cikin ruwa, kitse take so. Idan ta sauka a kan ciyawa, saniya ta ci, sai ta taru cikin kitsenta da nononta. Idan kaza ta yi tono a tokar juji, sai ta shiga cikin ƙwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum, ta hanyar abinci take shiga, galibi nama, nono da kifi. Idan ta shiga kuma, sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinta ya fita. Tana raunana garkuwar jiki, tana taɓa haihuwa da girman jariri, tana kuma iya jawo ciwon daji.

A shekarar 2019 an fitar da sakamakon awon ƙwan kajin da ke kiwo a unguwar Agbogbloshie ta birnin Akara, a ƙasar Gana, inda a lokacin ake ƙona wayoyin lantarki domin a ciri jan ƙarfe. An tarar gubar da ke cikin ƙwan ta wuce iyakar da aka yarda da ita nesa ba kusa ba. Wannan darasi ne a gare mu, mu da fura da nono ne abincinmu na yau da kullum.

Abubuwa huɗu da wuta ke buƙata

Mu leƙa maƙera. Gawayin maƙeri da gawayin mai shayi duk ɗaya ne. Amma wutar maƙeri tana sa ƙarfe ya yi ja, ta mai shayi kuwa sai dai ta tafasa ruwa. Me ya kawo haka? Zugazugi. Maƙeri yana hura wa wutarsa iska, kuma ya killace ta wuri guda don kada zafi ya watse. A kan wannan hikima aka gina tanderun ƙona shara.

Abu na farko shi ne zafi. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Tanderun burodi yana aiki a wajen digiri 250. Alminiyom da ake zuba tukwane da shi yana narkewa a digiri 660. Tanderun shara na kirki kuwa, ana so ya kai digiri 850 ko ya wuce.

Abu na biyu shi ne iska. In babu isasshiyar iska, wuta sai hayaƙi. In kuma iska ta yi yawa, sai ta sanyaya tanderun.

Abu na uku shi ne lokaci. Ba a barin hayaƙi ya fita da gaggawa. A ƙasashen Turai doka ta ce dole hayaƙin ya daɗe aƙalla daƙiƙa 2 cikin zafin digiri 850 kafin ya fita.

Abu na huɗu shi ne gauraya. Dole hayaƙi da iska su cakuɗe sosai, kamar yadda ake dama fura har babu gudaji. Hayaƙin da bai haɗu da iska ba, ba zai ƙone ba.

Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya rasa, to, tanderu ya zama juji mai bango.

Tanderun asibiti

Wurin da ya fi buƙatar irin wannan tanderu a ƙasarmu shi ne asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce kamar ta gida: takarda, kwali, ragowar abinci. Sauran kashi 15 su ne masu haɗari: allura, sirinji, reza, auduga da bandeji masu jini.

Kowace shekara ana yin allura wajen biliyan 16 a duniya. Mu tuna da rigakafin sanƙarau da aka soma da sabuwar allura a shekarar 2010 a Nijar, Mali da Burkina Faso. An yi wa jama'a tun daga ɗan shekara 1 har zuwa mai shekara 29. Kowane mutum da sirinjinsa. Miliyoyin sirinji ke nan. Ina za a kai su?

Idan allurar da aka yi wa mai cuta ta soki wani, tana iya sa masa cutar. Ga ciwon hanta mai lamba B, haɗarin yana kai wa mutum 30 cikin 100. Ga cutar sida, wajen mutum 3 cikin 1,000. Yaron da ya tsinci sirinji a juji yana wasan fesa ruwa da shi bai san wannan lissafi ba. Shi ya sa malaman asibiti ke jefa allura cikin wani kwali mai kauri da zarar sun gama aiki da ita. Kwali mai cin lita 5 yana ɗaukar sirinji wajen 100. Ba a cika shi maƙil. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu, sai a rufe, a kai tanderu.

Tanderun da ya fi yaɗuwa a ƙananan asibitocin Afirka sunansa De Montfort. Wani malami mai suna Jim Picken ne ya tsara shi a jami'ar De Montfort da ke birnin Lesta na ƙasar Ingila, cikin shekarun 1990. Manufarsa ita ce a sami tanderu mai araha, wanda magini da mai walda na gari za su iya haɗawa, kuma ba ya buƙatar lantarki.

Ga yadda yake. Ana gina shi da tubali mai jure wuta, bango biyu, ciki da waje, don ya riƙe zafi. Cikinsa ɗaki biyu ne. Ɗaki na farko yana da murfin ƙarfe a sama, ta nan ake zuba shara. A ƙasansa akwai ragar ƙarfe da kafofin iska da ƙaramar ƙofar kwashe toka. Hayaƙi ba ya fita ta sama. Sai ya gangara ƙasa, ya ratsa ta cikin garwashi, ya shiga ɗaki na biyu ta wata kafa. A can ya haɗu da sabuwar iska, ya sake kamawa da wuta. Ke nan a ɗaki na farko shara ake ƙonawa, a ɗaki na biyu kuma hayaƙin kansa ake ƙonawa. Daga nan sai ya bi dogon bututu mai tsawon wajen mita 4 ya fita. Bututun nan shi ne zugazugin tanderu. Iska mai zafi tana hawa sama ta cikinsa, tana janyo sabuwar iska ta kafofin ƙasa.

Aikin mai kula da tanderu

Tanderu komai kyansa, sai da mai shi. Ga yadda ma'aikaci nagari ke tafiyar da aikinsa.

Da fari yana sa safar hannu mai kauri, da takalmi rufaffe, da abin rufe hanci da ido. Sai ya kwashe tokar jiya, ya share kafofin iska. Daga nan ya hura wuta da itace ko busasshen kwali, ya bar tanderun ya yi zafi na wajen rabin awa. Ba a zuba sharar asibiti cikin tanderu mai sanyi.

Idan zafi ya kai, sai ya riƙa zuba shara kaɗan-kaɗan. Yana haɗa jiƙaƙƙiya da busasshiya. Kwalin sirinji yana ci da ƙarfi, don roba ɗan'uwan mai ne. In aka zuba kwalaye da yawa lokaci guda, iska ba za ta ishe su ba, kuma zafin yana iya fasa tubali. Jiƙaƙƙen bandeji kuma in ya yi yawa, sai ya kashe wutar.

Idonsa kullum yana kan bakin bututu. Baƙin hayaƙi yana nufin shara ta yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Farin hayaƙi mai kauri yana nufin akwai laima, zafi ya ragu. Idan hayaƙi ya kusa ɓacewa, sai walƙiyar zafi kawai ake hangowa, to, aiki ya yi kyau. Wannan alama ce da kowannenmu zai iya karantawa daga nesa.

A ƙarshe yana ƙara itace, ya bar wutar ta cinye abin da ya rage. Ba ya barin wurin sai ta mutu.

Mu sani cewa ƙaramin tanderu irin wannan ba ya hana guba fita gaba ɗaya, domin ba shi da matatar hayaƙi. Ya dai fi ramin wuta nesa. Saboda haka ake gina shi nesa da gidaje da ɗakunan majiyyata, ana lura da inda iska ke kaɗawa. A ƙasarmu iskar hunturu daga gabas maso arewa take tasowa, ta damina kuma daga yamma maso kudu.

Dagwalon mai

Akwai wata shara da ta fi kowace wuyar sha'ani, ita ce dagwalon mai. Duk wanda ya taɓa leƙa gindin tsohuwar gangar gazuwal ya ga wani baƙin abu mai kauri da yauƙi ya kwanta. Haɗin mai ne da ruwa da tsatsa da ƙura. Irinsa yana taruwa a duk inda ake ajiye mai da yawa: a tankunan gidan mai, a tashar lantarki, da matatar mai irin ta Damagaram da aka buɗe a shekarar 2011.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan matsala su ne ma'aikatan jirgin ruwa. Mu ba mu da teku, amma shinkafa, takin zamani da mashinan da ke kasuwanninmu, jirgin ruwa ne ya sauke su a gaɓar teku. Babban jirgi yana shan wani mai mai kauri kamar kwalta. Kafin injin ya sha, sai an tace. Abin da aka tace ya kai wajen kashi 1 cikin 100. Jirgin da ya sha tan 100 na mai, ya tara wajen tan 1 na dagwalo ke nan. A da cikin teku ake tuttular da shi. Yarjejeniyar MARPOL ta shekarun 1973 da 1978 ta hana haka. Yanzu ko dai a sauke shi a tasha, ko a ƙone shi a tanderun da ke cikin jirgin. Kuma duk abin da aka yi da shi, sai an rubuta cikin littafi domin masu bincike.

Ga yadda suke ƙona shi. Dagwalo ba ya kamawa da ashana, don akwai ruwa a cikinsa. Sai a zuba shi cikin tanki, a ɗumama shi har wajen digiri 80 zuwa 90. Zafi yana sa ya tsinke. Wani ruwan ya kwanta a ƙasa a tsiyaye shi, wani ya fita da tururi. A lokacin nan an riga an kunna tanderu da gazuwal mai tsabta. Idan cikinsa ya yi zafi sosai, sai famfo ya tura dagwalon ta wata ƴar kafa, iska mai ƙarfi ta tarwatsa shi ya zama feshi, kamar na injin feshin gona. Kowane ɗigo ƙarami sai iska ta kewaye shi, ya ƙone nan take. Zafin yana tsayawa tsakanin digiri 850 da 1,200.

Tanderun yana da wata na'ura mai kama da ido, tana kallon harshen wuta. Da wuta ta mutu, sai ta rufe hanyar mai. Akwai fanka mai zuƙe hayaƙi waje, don kada wuta ta fito ta bakin ƙofa. Ana kuma sanyaya hayaƙin da sauri bayan ya fito, domin dayoksin tana iya sake haɗuwa idan hayaƙi ya huce sannu a hankali. Sharar jirgi, irin su kwali da tsumma mai maiƙo, ana zuba ta ta ƙofa mai murfi biyu: ba a buɗe na ciki sai an rufe na waje. Zafin dagwalon da ke ci shi ke taimakawa wajen cinye ta. Shara ɗaya ta zama itacen ƙona ɗaya.

Me ke faruwa idan aka ƙi bin wannan hanya? A watan Agusta na shekarar 2006, wani jirgi mai suna Probo Koala ya sauke dagwalo mai guba a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa. Tun a tashar Amsterdam ta ƙasar Holan aka so a sarrafa shi, amma aka ga kuɗin ya yi yawa. Motoci suka kwashe shi da dare, suka zubar a wurare fiye da goma cikin birni. Hukumomi sun ba da labarin mutuwar aƙalla mutum 15, kuma fiye da mutum 100,000 suka nemi magani. Kafin wannan, a shekarar 1988, an jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Najeriya. Irin wannan ne ya sa ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a shekarar 1991, wadda ta hana shigo da shara mai guba cikin nahiyar.

Baƙin mai a garinmu

Namu dagwalon shi ne baƙin mai. Yana fitowa daga kabu-kabu, motar kasuwa, injin niƙa, injin ban-ruwa da janareto. Man ya shiga injin da haskensa, ya fito baƙi ƙirin, domin ya kwaso garin ƙarfe da dattin ƙuna masu cutarwa. Masana sun ƙiyasta cewa lita 1 ta baƙin mai tana iya ɓata ruwan sha har lita miliyan 1. A ƙasar da ake haƙa rijiya gaba da yawa kafin a tarar da ruwa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Akwai al'adu guda huɗu da ya kamata mu bari. Na ɗaya, shafa wa raƙumi ko akuya baƙin mai don maganin ƙazwa ko kaska. Fata tana tsotse gubar, dabba tana lasa, kuma tana iya kai wa ga nono. Malamin dabbobi yana da maganin da ya dace. Na biyu, zuba shi cikin salga don kashe wari. Daga can yake tsiyaya zuwa ruwan ƙasa. Na uku, tuttular da shi bakin gareji ko cikin magudana. Ruwan sama na fari zai kai shi tabkin da dabbobi ke sha. Na huɗu, hura wutar girki da shi. Murhun gida ba ya kai zafin da zai cinye gubarsa.

Abin da ya dace shi ne a tara shi cikin ganga mai murfi, a inuwa, nesa da wuta da rijiya da yara. Kada a haɗa shi da ruwa ko fetur ko maganin ƙwari. Baƙin man da ba a gauraya ba yana da daraja. A ƙasashe da yawa ana sake tace shi ya koma sabo, ko a ƙone shi a tanderun siminti, inda zafi ke kai wa digiri 1,450. Masu gareji da masu injin niƙa suna iya haɗa kai, su nemi shawarar ma'aikatan kare muhalli da na magajin gari a kan inda za a kai shi.

Abubuwan da ba a sa wa wuta

Ko a tanderu mai kyau, akwai abubuwan da ba a jefawa.

Batir, babba da ƙarami. Yana ɗauke da ƙarfe mai guba, irin su dalma. Wuta ba ta kashe ƙarfe, sai dai ta watsa shi cikin hayaƙi da toka. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro.

Gwangwanin feshin sauro ko na turare. Yana fashewa kamar bindiga, ko da ya ƙare.

Ma'aunin zafin jiki na gilashi mai ruwan azurfa a ciki, da dogon ƙwan lantarki. Tururinsu guba ne.

Taya. Babbake kai da ƙafafu da wutar taya yana sa gubar ta manne a kan naman da za mu ci.

Galan da kwalbar maganin ƙwari. A ɗauraye su sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, a huda su don kada wani ya zuba ruwan sha ko mai a ciki, a tambayi malamin gona inda za a kai su.

Haka kuma, uwargida, a daina kunna itace ko gawayi da leda. Hayaƙin farko ke ne kike shaƙarsa, da goyon da ke bayanki.

Toka fa?

Tanderu ba ya ɓatar da shara gaba ɗaya. Buhu goma suna komawa wajen buhu ɗaya na toka. Tokar murhu, ta itace da kara, abokiyar gona ce. Tokar tanderun asibiti kuwa ba ta zuwa gona. Akwai tsinin allura da fasassun kwalabe da guba a cikinta. Ana zuba ta cikin rami mai murfi, wanda aka kewaye da shinge, nesa da rijiya. Gindin ramin ya kasance aƙalla mita 2 sama da ruwan ƙasa. Manomin da ke ɗibar takin juji da amalanke ya lura da wannan: kada ya ɗebi tsibin da aka ƙona da roba da batir, kada kuma ya kusanci sharar asibiti.

Manyan birane

An gina tanderun sharar birni na farko a Nottingham ta ƙasar Ingila a shekarar 1874. Na zamani suna da matatun hayaƙi, kuma zafinsu yana tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki. A shekarar 2018 an buɗe irinsa a Addis Ababa ta ƙasar Habasha, wanda aka tsara don ya ci tan 1,400 na shara kowace rana. Amma irin wannan yana cin kuɗi masu yawan gaske, kuma yana son shara mai ci da wuta. Sharar garuruwanmu, yawancinta rairayi ne da toka da kashin dabbobi. Rairayi ba ya ƙonewa. Saboda haka maganinmu yana hannunmu, tun daga tsakar gida.

Abin da za mu iya yi

Mu raba shara gida uku. Abin da ke ruɓewa, wato ɓawo, ganye, ƙaiƙayi, kashin dabbobi da tokar murhu, a zuba shi cikin rami, ana yayyafa ruwa, ana juyawa duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama taki. Ƙona shi asara ce, domin gonakinmu na jigawa yunwarsa suke ji. Abin da ke sayuwa, wato ƙarfe, alminiyom da roba mai kauri, a ajiye wa masu saye. Abin da ke da guba kuma a killace shi dabam.

Mu rage leda. Tun ranar 5 ga watan Nuwamba na shekarar 2014 ƙasarmu ta kafa dokar hana yin leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Mahauta shaida ne a kan irin dunƙulen ledar da suke tararwa cikin tumbin tumaki da shanu. Dabbar da ta cika ciki da leda tana ramewa, ko da kiwo ya wadata. Mu koma ga kwando, ƙwarya da jakar tsumma idan za mu kasuwa.

Mu kiyayi cinna wa juji wuta a bakin gari bayan damina, lokacin da ciyawa ta bushe. Tartsatsi ɗaya da iskar hunturu sun isa su cinye makiyayar da garke zai dogara da ita har rani ya fita.

Masu zama cikin kwamitin kula da asibiti, ku tambaya: Ina ake ƙona allurai? Tanderun yana da murfi da bututu? An kewaye shi? Mai aikin ya sami horo da kayan kariya? An ware kuɗin itace da na gyara? Mu kuma iyaye mu ja wa yara kunne: duk wanda ya ga sirinji a ƙasa, kada ya taɓa, ya gaya wa babba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Sharar da ba a tara ba, ba ta buƙatar wuta. Wadda kuma ta zama dole a ƙona, a ba ta wuta mai ƙarfi, a wurin da ya dace, a hannun wanda ya san aikin. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa, domin hayaƙi bai san iyakar gida ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa huɗu wuta ke buƙata kafin ta cinye shara sosai?
2. Ta wace hanya gubar hayaƙi ke shiga cikin nono da ƙwai?
3. Me baƙin hayaƙi a bakin bututun tanderu yake nunawa?
4. A garinku, ina ake kai baƙin man injin niƙa da na mashin? Me za ku iya gyarawa?